Silin buntun shinkafa da daɓen makuba: hukuncina bayan damina

Ba za ki gane shagon daga titi ba sai kin lura da tarin buhunan buntu a bakin ƙofa. Wasu matasa ne da suka karanta zanen gine-gine a Zariya suka haɗa kai da wani tsohon magini, suna yin kayan ƙawata ɗaki da abin da gona da fadama ke zubarwa: allon silin na buntun shinkafa, allon bango na ciyawar kachalla, murfin fitila na naman kaza (wanda ke tsirowa kamar lema, ba na kaji ba), da kuma daɓe irin na da. Su na ba aikin gyaran shagona na ɗinki a nan Kano, ɗaki ɗaya mai rufin kwano da a watan Afrilu yaran shago ke gudunsa da zarar an yi azahar. Na ƙi cewa komai sai da damina ta wuce, domin ranar da aka kafa kaya kowanne kyakkyawa ne.

Silin ɗin ya biya ni. Suna kwaɓa buntu da sitacin rogo da ɗan ƙaro, su matse shi a inji ya zama allo mai kaurin yatsa, launin ƙasa-ƙasa, kana ganin ƙwayoyin buntun a jikinsa. Da na tambayi dalilin zaɓen buntu, babbansu ya ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa sinadarin silika ne, irin wanda ke cikin yashi, shi ya sa ba ya saurin ruɓewa, kuma wuta ba ta cinsa da sauri, sai dai ta yi ta cin ciki. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan injinan casar shinkafa a Kura ya ga tsibin buntu yana hayaƙi kwana da kwanaki ya san haka ne. A shago dai zafin ya ragu sosai, ba wai ya zama ɗakin iyakwandishan ba, amma fanka ta daina hura mana wuta. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙara: ruwan sama a kan kwano ya daina hana mu jin juna, kekunan ɗinki ma sun rage amsa-kuwwa.

Aibinsa biyu. Makonnin farko shagon na warin rumbu, har wata mai kawo ɗinki ta tambaye ni ko na fara sayar da hatsi. Wannan ya wuce da kansa. Na biyun ya fi girma. Sitaci da ƙaro duk ruwa na narkar da su, don haka inda kwano ya yi ɗan yoyo a kusurwa, allon ya kumbura ya yi ciki. Sun zo sun canza shi ba gardama, ba su karɓi ko sisi ba, amma da sun faɗa tun farko cewa a fara toshe kowace kafar ƙusa, da ba a kai ga haka ba. Kuɗinsa ya fi na silin roba, ya yi kusa da na POP.

Daɓen shi ne abin da ya sa nake tura mutane wurinsu, kuma ba matasan ne suka yi ba, Baba ne, wato tsohon maginin nan. Ni a garinmu mata na sani da daɓe, a taru da madaɓai ana bugawa ana waƙa idan za a kai amarya, don haka sai da na yi dariya da na ga dattijo ya durƙusa da madaɓi. Ya ce, “Hajiya, matan sun koma tayil, suka bar mana.” Ya shimfiɗa jar ƙasa da tsakuwa, ya yayyafa ruwa, ya yi ta bugu har ƙasa ta haɗe, sannan ya kawo makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi duhu. Itaciyar da ke ba mu kalwar daddawa da garin ɗorawa, ita ce dai ke ba da wannan. Yana shafawa yana barinta ta sha, ya sake, har fuskar daɓen ta yi ja mai duhu tana ɗan ƙyalli. Abin da matasan suka ƙara kawai shi ne gogewa da kakin zuma a ƙarshe, don ƙura ta rage kamawa.

Idan kika taka shi ba takalmi da rana tsaka, sanyi za ki ji, amma da hunturu ba ya ɗaukar sanyin nan na tayil mai shiga ƙashi. Allura in ta faɗi ana ganinta. Sai dai daɓe ba siminti ba ne: ƙafafun keken ɗinki na ƙarfe sun fara yi masa rami sai da muka sa musu katako a ƙasa, kuma Baba ya ce duk shekara sai an sake shafa makuba. Bai yarda a yi shi a banɗaki ko wurin wanke-wanke ba, ko da an biya shi. Na so ya yi mini laso a bangon waje, wato shafen nan na katsi (lakar da ke kwantawa a gindin rijiyar rini) da gashin jima da dafara da ake yi wa manyan soraye don ruwa, ya ce katsin ne wahala, tunda rijiyoyin rini da ke aiki a Ƙofar Mata ba su kai na da ba, kuma shi ba ya yin laso na ƙarya.

Allon kachalla ba ni da dogon bayani a kansa. Ciyawar nan ce da ta cinye hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja zuwa Nguru bayan madatsun Tiga da Challawa sun canza tafiyar kogi, ta hana manoma da masunta sakat. Ganyenta na da soso a ciki, shi ya sa take tare zafi. Sun saƙa ta sun manna a bangon yamma da rana ke duka, kuma ta yi aikinta. Ƙurar hunturu kam tana shiga saƙar, sai da buroshi.

Murfin fitilar naman kaza ne ban gamsu da shi ba, kuma shi suka fi alfahari da shi. Dabarar ba tasu ba ce, sun faɗa da bakinsu: kamfanin Ecovative a Amurka ya fara ta tun 2007, a 2014 ma an gina wata hasumiya a birnin New York da tubalan irin wannan. Ana yayyanka karan masara a zuba a mazubi, a sa irin naman kaza, fararen zarurrukansa su bi su ɗinke karan cikin kamar mako guda, sannan a gasa a tanda don ya daina girma. Abin da ke fitowa fari ne, ba nauyi, kamar ƙwarya a hannu, kuma da daddare yana ba da haske mai laushi. Kwan fitila mara zafi kawai ake sa masa. A watan Agusta, da iska ta yi laima, sai ga fumfuna baƙi-baƙi a gefensa. Na ɗora ɗayan a kan kabad kafin a rataye shi, ɓera ya gutsure baki.

Da na kai ƙorafi, ɗaya daga cikin matasan ya sosa ƙeya ya ce, “Ai Hajiya wannan har yanzu gwaji muke yi.” To, madalla da gwaji, ba ni da faɗa da shi, in ba a gwada ba silin ɗin ma ba zai samu ba. Faɗana shi ne a sayar da gwaji a farashin kayan da aka gama, ba tare da an ce wa mai saye komai ba. Baba in ya ce abu zai yi, ya ga ya yi a gidaje tun yana yaro; in ba zai yi ba, ya ƙi karɓar kuɗinki. Matasan kuwa komai sabo ne a wurinsu, kuma zumuɗi kan sa su manta su bambanta miki wanda ya ga damina da wanda bai gani ba. Sun mayar mini da rabin kuɗin fitilun, na karɓa.

Wajen cika alkawarin lokaci, “gobe in sha Allahu” ɗinsu na iya kai mako, musamman da yake allon sai ya bushe a rana. Saboda haka a ba su aiki da rani, kada a bari sai hadari ya fara haɗuwa. A sa su rubuta abin da suka haɗa allon da shi, a tambaye su wane magani suka sa don gara da kyankyaso tunda akwai sitaci a ciki, kuma a nemi su kai ki wani gida da aikinsu ya shekara ki gani da idonki. Ni na riga na yi magana da Baba zai yi mini daɓe a ɗakin Inna bayan sallah, silin kuma sai na canza kwanon gidan tukuna.