Land Cruiser 80 da aka dasa wa injin 1HZ: injin lafiya lau, allurar zafi ce maƙaryaciya

Motar ta 1996 ce, mai giyar hannu. Farantin da ke cikin bonet ya nuna FZJ80, wato da injin fetur 1FZ-FE mai lita 4.5 ta baro kamfani, amma abin da ke zaune a ciki yanzu 1HZ ne, injin gas mai silinda shida, lita 4.2, marar turbo. Dillali bai ɓoye ba, da dashen ma yake tallar ta. Shi injin kam ba na kushe shi. Ba ruwansa da burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, famfon nozul ɗinsa na gargajiya ne, duk bakaniken da ya saba da motocin daji ya san cikinsa, kayansa kuma ba sa wuya a kasuwannin kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Gudu ne dai babu. Ƙarfin doki wajen 130 a ƙarƙashin mota mai nauyin fiye da tan biyu, in za ka wuce tirela sai ka yi lissafi tun daga nesa. Amma a giyar ogzilari, wato giyar ƙarfi mai tafiyar hawainiya, cikin taɓo ko yashi, ja take yi tana tafiya a hankali ba tare da an taka totur sosai ba, kuma wannan ne dalilin sayen ta.

Kafin ciniki an yi mata abin da ya kamata a yi wa duk injin gas na hannu. An tayar da ita da sassafe tana sanyi, ta kama bayan hita, mai ɗumama silindoji kafin a tayar, ta yi aikinta, hayaƙin fari ya ɗauke cikin ƙasa da minti ɗaya. An buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, aka ɗora shi sakwa-sakwa a bakin, bai yi tsalle ba. An auna matsin silindoji ta ramin fulogin hita. Littafin Toyota ya ce lafiyayyen 1HZ zai ba da kilo 37 a kan santimita murabba'i, mafi ƙaranci 27, kuma kada tazarar silinda da silinda ta wuce 5. Dukkan shidan sun haura 30. Da wannan sakamako ai mutum sai ya ce ya yi tsintuwa.

To, ga inda raina ya ɓaci. Allurar zafi a dashbod tana hawa zuwa kwata ta tsaya cak, ko a cunkoson gari ko a babban titi, har ka riƙa yaba wa motar cewa ba ta san zafi ba. Ranar da ta shiga yashi mai zurfi da kaya, a giya ta biyu ta ogzilari, rana tsaka, sai ga ruwa yana tafasa yana ambaliya daga robar ajiya, tururi ta ko'ina, allura kuwa tana nan a kwatanta ko gezau. Da aka auna tiyon sama na lagireto da ma'aunin zafi irin na bindiga, ya haura digiri 110. Wanda ya san 1HZ ya san abin da hakan ke nufi: tof silindarsa, wato murfin saman injin, ba ta yafe zafi, tsagewa take yi a kusa da ɗakunan ƙonewa, daga nan kuma sai kuɗi masu ciwo.

Da aka bi diddigi, laifi huɗu aka samu, dukansu na wanda ya yi dashen. Na farko, sensar da aka ɗaura wa wayar allurar ba ta wannan mita ba ce, wata ce kawai da zarenta ya shiga ramin. Na biyu, an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya ɗumama, al'adar nan ta cewa wai ƙasarmu da zafi ba ma buƙatarsa. A wannan inji cire shi ɓarna ce tsantsa, domin gindinsa ne ke toshe hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji ba tare da ya biya ta lagireto ba. In babu shi, wani kaso na ruwan zai yi ta kewaya bulok yana ƙara zafi. Na uku, babu murfin robar da ke kewaye fanka, an yar da shi saboda bai zauna daidai ba bayan an sauya inji, don haka fanka na kaɗa iska ta gefe maimakon ta zuƙo ta cikin lagireto. A titi iskar gudu na rufa asiri, a yashi kuwa da tafiya ba ta wuce ta mai keke ba, fanka ce kaɗai mai aiki. Na huɗu, kulocin fankar, mai ƙara mata gudu in inji ya yi zafi, ya mutu, man silikon da ke ciki ya tsiyaye. Mai rai, idan inji ya yi zafi za ka ji ta fara ruri, in ka kashe mota ka juya ta da hannu za ta yi maka gardama. Wannan juyawa take kamar farfelar yara.

Abin haushin, duk huɗun ana gano su a filin dillali cikin rabin awa in an san a duba, kuma gwajin matsi ba ya nuna ko ɗaya. Saboda haka, 'yan'uwa, duk mai duba mota mai injin dashe kada ya yarda da allura. A ari ma'aunin zafi. A bar motar a tsaye tana aiki da AC a kunne na minti ashirin zuwa talatin, a riƙa aunawa a inda tiyon sama ya fito daga inji. Tsakanin 80 da 90 da 'yan kai daidai ne, in ya doshi 100 a tsaye akwai magana. A kwatanta da abin da allura ke faɗa. Sannan washegari da safe, kafin a tayar, a buɗe murfin lagireto, a cika ruwa, a kunna, a zuba ido. Kumfa mai fitowa jere ba yankewa, ko tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba, alamar gasket ko tof silinda ta riga ta tafi ke nan. Akwai ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, yana sauya launi in hayaƙin inji na shiga ruwa. Murfin lagireton shi ma a duba lambarsa, 0.9 ne nasa. Wannan motar ta ci gwajin kumfa bayan abin ya faru, Allah Ya taƙaita, an kashe ta da wuri.

Bayan an sa tamostat na asali, sensa daidai, murfin fanka da sabon kuloci, an wanke lagireto, ta koma wannan yashin allura na tsakiya, fanka na ruri lokacin da ya kamata. A nan na so in ce ta biya kuɗinta. Sai dai mai dashen da ya yi wa ruwan inji waccan ɓarnar ba zai kyautata sauran ba, kuma haka aka tarar. Mitar juyin inji ba ta motsi, domin ta fetur daga wutar fulogi take karɓar saƙo, na gas kuma daga famfon nozul, ba wanda ya damu ya haɗa su. Hita da maɓalli ake dannawa da hannu, wayarta ba fiyus. Wannan gobara ce ke jiran rana, dole mai waya ya sa rile da fiyus. Famfon fetur na cikin tanki an bar shi a mace a ciki, inji na zuƙar gas ta cikinsa da ƙyar, shi ya sa take shaƙewa a dogon hawa. Filtar gas ɗin ma ba mai raba ruwa ba ce, alhali da irin man da ake sha a bakin hanya, ruwa kaɗan ya isa ya lalata famfon nozul. Tamin bel kuwa, bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul-bawul, ba wanda ya san shekarunsa. Kilomita 100,000 ake ba shi a wannan zubin, kuma lambar kilomitar da ke dashbod ta bodi ce, ba ta inji ba, don haka a sauya shi da tenshinarsa ranar farko, kada a tsaya jin rantsuwar kowa.

Waldar mazaunin inji a jikin shasi ta yi kyau, ban ga tsaga ba, kusoshin da suka haɗa inji da giyabos duk suna nan. Birki na kamawa ko an taka sau uku a jere, wato famfon iskar da ke jikin injin an haɗa shi daidai. Aksul ɗin gaba na zubar da giris gauraye da man giya ta ƙwallayen gefe, ciwon duk wata 80 da ta tsufa, ba laifin dashe ba ne.

Takardu su ne suka sake tayar min da hankali. Na kwastan da lasisin mota duk lambar tsohon injin fetur ce a kansu, sabon kuma babu ko rasidin inda aka sayo shi. A shingen bincike, bayanin baki ba ya fitar da mutum. A karanta lambar da aka buga a jikin bulok, a nemi rasidi mai ɗauke da ita, a je ofishin lasisi a gyara kafin a biya cikon kuɗi. In mai mota ya ce babu rasidi, a bar masa abarsa. In akwai, a lissafa tamostat, sensa, kulocin fanka da murfinta, filta, tamin bel da aikin mai waya, a zabge su daga farashi, domin ni bayan ciniki na biya su.