Kebul ɗin Taminus ya kunyata ni a Ingila

Salamu alaikum mutanen Jos, ya sanyi, ko da yake yanzu in kuka ce mun sanyi dariya kawai nake yi. Masu turo saƙo wai na shiga Turai na yi shiru, wlh ba wulaƙanci bane, aikin dare ne ya sa ni gaba, sai kuma wata ƙiriniya da na ɗauko wa kaina da girmana, ita ce ma zan baku labarinta yau tunda kunyar ta ɗan sake ni.

Asalin abun daga gida ya taso. Disambar da ta wuce ƙanina ya kira ni murya duk ta dishe, 'yan tsaki ɗari biyu ya zuba a ɗakin kajinsa can wajen Rikkos, gawayin kasko ya mutu cikin dare, yaron da ke kwana wajen ya share barci, kafin asuba sun haye kan juna a lungu ɗaya sama da arba'in sun tafi. Ɗan tsako a satinsa na farko zafin digiri 32 zuwa 35 yake so, ku kuma kun san abun da hunturun Jos ke yi ƙarfe uku na dare. Sai na ce masa ai wannan ƙaramin abu ne, zan haɗa maka na'urar da za ta riƙa auna zafin ɗakin, in ya sauka ta yi ƙara ta kuma turo maka saƙo a waya. Da ƙarfin gwiwa na faɗa saboda ina da kwalin injiniyan lantarki a akwati, abun da ban gaya masa ba shine shekara biyar ɗin da na yi a makarantar nan a kan allo muka ga komai, malam ya zana mu kwafa mu haddace mu juye masa ranar jarabawa, aikin kammalawa ma karo-karo muka yi wani ya haɗa mana a kasuwa. Allah dai ya yafe mana.

Toh na fara daga inda yara ke farawa. Na yi odar akwatin koyo na Arduino Uno, wani ɗan allon lantarki da ake tura wa umarni daga kwamfuta, ranar Talata da dare, Alhamis da safe yana bakin ƙofa, ciki akwai allon, da farin katakon nan mai ramuka da ake soka wayoyi ba sai an liƙe ba, da ƙananan fitilu, da rizisto masu rage ƙarfin wuta, da ɗan littafi. Shi Arduino a garin Ivrea na Italiya aka ƙirƙiro shi a 2005, kuma ba don injiniyoyi ba, don ɗaliban zane ne da basu san komai a lantarki ba, ni ko wannan ya isa ya sa na sunkuyar da kai. Ƙwaƙwalwarsa kilobait 32 ce kacal, ko hoto ɗaya na wayarka ba za ta ɗauka ba, amma ranar da na rubuta layi biyar na tura masa, fitila ta fara ƙiftawa duk bayan daƙiƙa ɗaya, wlh sai da na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗaki kaman Najeriya ta ci ƙwallo. Fitila biyu na ƙona kafin na yarda sai an sa mata rizisto mai om 220, mai zanen ja ja ruwan ƙasa, abun da na taɓa amsawa a jarabawa na ci maki amma ban taɓa riƙewa a hannu ba.

Wannan Uno ɗin baya hawa intanet, don haka na sake odar ESP32, wani ɗan allo kaman tsawon yatsa na kamfanin Espressif da ke Shanghai, shi yana da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. Shi kuma baya zuwa da kebul. Na buɗe jakar da na taho da ita daga gida na zaro wani baƙin kebul mai ƙaramin baki da na saya a kasuwar Taminus ta Jos ana gobe zan tafi, na soka, jar fitila ta kama, na ce Alhamdulillah. Kwamfuta ta ce bata ga kowa ba. Na cire na mayar, na kashe na kunna, na sauke direba, eh haka suke kiran 'yar manhajar da ke gabatar da allon ga kwamfuta, na sauke ta CP2102 na sauke ta CH340 don kar a ce ban yi ba, dare uku ina dawowa aiki ido ja ina fama. A dare na uku jinin gida ya motsa, na ce shikenan an sayar mun da jabu, ashe Bature ma ɗan damfara ne.

Saƙon da na rubuta wa shagon nan ko yanzu na tuna sai na ji kaman ƙasa ta tsage na shige. Irin shirin da kake yi in za ka mayar da kaya shagunan Ahmadu Bello Way na yi, ka san sai ka tafi da rasit da shaida da abokinka mai baki, ka san za a ce maka ai lafiya lau ka tafi da shi kai ka ƙona, a nuna maka rubutun ƙasan rasit cewa kaya in ya fita ya fita. Na zazzage musu tas, na ce ni injiniya ne ba a yi mun wannan, na ce zan tona musu asiri a intanet. Ban gama shan shayi ba amsa ta shigo, wata mata ce, ta ce su yi haƙuri da ɓata mun lokaci, sun riga sun saka wani a gidan waya, wancan kuma kar na wahalar da kaina wajen mayarwa. Iya abun da ta ce kenan. Ba rantsuwa, ba kawo mu gani, ba oga baya nan ka dawo gobe. Na zauna da guntun masifata a baki na rasa inda zan kai ta.

Sabon ya iso, na soka, jar fitila ta kama, kwamfuta ta ce bata ga kowa ba.

Nan jikina ya fara sanyi. Akwai wani waje a nan Shefild da masu irin wannan sha'awar ke haɗuwa da yamma, ɗaki ne babba da tebura da mitoci da kayan liƙi, kowa na ɗan biyan kuɗin wata ana riƙe wajen, baƙo kuma ana barinsa ya shigo ranar da suka ware. Na kwashi alluna biyu da kwamfuta na hau bas cikin yayyafi. Wani dattijo na samu, tsohon ma'aikacin tarho ne da ya yi ritaya, na fara kora masa bayani da manyan kalmomi don ya san ba da ɗan koyo yake magana ba, ya saurare ni har ƙarshe sannan ya juya ya kira jikarsa, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana gefe tana cin biskit, ya ce ta duba mun. Ko allon bata kalla ba. Kebul ɗina ta zare ta ajiye gefe da yatsa biyu kaman ta ɗauki mataccen ɓera, ta zaro wani a aljihun rigar sanyinta ta soka, kwamfuta ta yi ƙararta ta maraba. Ta gwada ɗayan allon shima garau. Ta ce wannan na caji ne kawai, ta koma kan biskit ɗinta.

Jama'a ashe kebul na USB irin wannan wayoyi huɗu ne a cikinsa, ja da baƙi su ke kai wuta, fari da kore su ke kai magana tsakanin na'ura da kwamfuta, masu son rage kuɗi sai su zuba biyun wuta kawai su rufe da roba, daga waje bazaka taɓa ganewa ba. Dattijon ya ce kowa sai da abun nan ya taɓa kama shi, yana ta ƙoƙarin rufa mun asiri, ni kuwa tunanin matar can nake, na ci mutuncinta na kuma karɓi kayan mutane a kan ƙarya. Haƙƙi fa ba wasa ba. A cikin bas na rubuta mata na ce laifina ne, kayansu lafiya lau, a turo mun yadda zan biya na biyun. Ta ce ta ji daɗi da ya yi aiki, na riƙe na ba wani yaro da ke son koyo. Wannan ta fi zagi zafi wlh.

Na san wani zai ce ai doka ce ta tilasta musu, kuma da gaskiyarsa, a nan in ka sayi abu ta intanet kana da kwana 14 ka fasa ko ba dalili, in kuma lalatacce ne dokarsu ta 2015 ta baka kwana 30 ka mayar a baka kuɗinka. Amma ba dokar da ta ce a bar maka na biyu kyauta. Kuma ban ce 'yan kasuwarmu mugaye bane, shi ma yaron Taminus ƙila bai san abun da ke cikin kebul ɗin ba, a katan aka auno masa daga kasuwar Alaba ta Legas, in ya karɓi kayan kowa jarinsa ya karye. Abun da ke ci mun rai shine yadda muka saba har mun daina gani. Batirin 18650 da ke cikin tocilanmu da fankokin caji za ka ga an rubuta masa 9900mAh ɓaro-ɓaro wai yawan cajin da yake ɗauka kenan, alhali na ƙwarai daga manyan kamfanoni bai cika wuce 3500 ba, ka ɗaga shi ka ji shi sakayau kaman kara, mai sayarwa ya sani kai ma ka sani, ku yi ciniki ku yi musabaha. Yaron da ke koyo da irin wannan kayan ta ina zai gane shi ne ya yi kuskure ko kayan ne? Ni fa da gemuna kwana uku ina zargin wanda bai ci ba bai sha ba.

Ita kuma yarinyar nan ba aljanu gare ta ba. Tun 2016 BBC ta raba wa yaran ajin farko na sakandare wani ɗan allo mai suna micro:bit kyauta, kusan miliyan ɗaya, mai ƙananan fitilu 25 a fuska, har yau ana koyarwa da shi a makarantunsu. Wani allon mai suna Raspberry Pi Pico da aka fitar a 2021 dala huɗu aka sa masa. Yaro ya ƙona, a ce masa me ka koya, a miƙo wani. Ni ranar da na kwance rediyon Baba ina aji huɗu don na ga masu maganar da ke ciki, dukan da na sha har Goggo sai da ta shigo ceto, daga ranar aka sa mun suna maɓarnaci, na kuma daina taɓa komai. Iyaye dan Allah in yaro na kwance abu ku nemo masa mataccen rediyo a 'yan gwangwan ku bar shi da shi. Ku ma masu gyara ku rage ɓoye hannu, yaro ya shekara uku a shago aikinsa sayo abinci da goge tebur, in an zo wajen ainihin gyaran sai oga ya juya masa baya.

Kar kuma ku ɗauka nan aljanna ce. Rizisto ɗaya tak nake nema mai om 4,700 wanda sensar zafin DS18B20 bata aiki sai da shi, duk girman garin nan ban samu shagon da zan taka da ƙafa na saya ba, Maplin da aka ce da su ke wannan harkar sun rufe shagunansu tun 2018. Dole oda, dole ƙunshin guda ɗari, kuɗin aikowa ya ninka kuɗin kayan, mai kawowa kuma ya zo ina barci ya ajiye a ƙofa ruwa ya jiƙe kwalin. Ranar na yi kewar wani dattijo mai gyaran rediyo a layinmu na Gangare, da shi ne zai jawo tsohon fanel a ƙarƙashin benci ya ɓalle mun ɗaya ya ce je ka kawai, na ƙara da labarin siyasa da rabin goro. Nan gyara sai mai kuɗi, abu ya lalace a jefar, talabijin lafiyayye da kafasito ɗaya ya kumbura za ka gani a wajen zubar da kaya, yaran da ke gyaran waya ƙarƙashin lema a Taminus da ƙarfen da suke ɗorawa kan risho in babu wuta, wlh da za a kawo su nan da sun yi gidaje. Ga ƙararrawar hayaƙi, ranar farko da na narka dalma a ɗaki ta tashi gidan gaba ɗaya ƙarfe ɗayan rana, maƙwabcina da ya kwana aiki ya fito da gajeren wando, tun ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu.

Dalmar ma wani labarin ce. Tasu mai wuyar sha'ani ce, bata kwanciya da sauri kaman tamu ta gida da ake kira 60/40, mai gubar dalma a ciki, da ke narkewa wajen digiri 190, wannan sai ta kai 227, saboda tun 2006 Turai ta hana saka gubar dalma a kayan lantarkin da ake sayarwa. Na juya naɗin ina mita sai na ga an rubuta Sn 99.3, na tsaya. Sn fa kuza ce. Abun da kakana ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano ya zo Bukuru yana haƙa da diga yana ɗauka a kwano a ka, abun da ya bar mana kududdufan nan na Rayfield da Barikin Ladi da ke cin yara duk damina, shine nake saye a nan ɗan naɗi kaɗan da kuɗin da zai yi cefanen kwana biyu a gida. Na gaya wa dattijon daga garin kuza na fito, ya ce toh ai kai ya kamata ka koya mana liƙi, na yi dariyar yaƙe kawai, don a lokacin ɗigon da na yi ya fi kama da kashin awaki.

Na'urar dai ta tashi. Na gwada ta a firij, zafi na sauka ƙasa da 30 ta fasa ƙara, saƙo ya shigo wayata. Ƙanina in kana karantawa, mai zuwa bikin nan na watan gobe zai taho maka da ita, ka nemi tsohuwar waya ka bar mata intanet a kunne a ɗakin, ka rataye sensar daidai tsayin bayan tsakin ba saman kasko ba, kuma kar ka yarda wani gwani ya haɗa ta da wutar NEPA kai tsaye, bolt 5 take ci ta bakin kebul, fawa bank ya ishe ta. Allo na biyun na Ummi ne 'yar Yaya, amana ce aka bani, kar ka riƙe. Na saka kebul guda uku a ciki duk na gwada su da hannuna na ɗaura musu jan zare. Na Taminus ɗin yana nan wajena, yana cajin tocila lafiya lau.