Sharhi: Folish na PU mai hadina, bayan gwaji a kan gado, sif da ƙofofi a Bauchi

Folish ɗin katako na PU (polyurethane), wanda ake haɗawa da hadina, wato sinadarin da ke sa shi ƙarfi, kafin a zuba a bindigar feshi, ya fi folish ɗin NC (nitrocellulose) da muka saba da shi ƙwari nesa ba kusa ba. Na fesa shi a kan madaci, iroko, filawud da MDF (allon garin katako da aka matse), da zafi da damina da hunturu, kuma ra'ayina a kansa bai canza ba: kaya ne mai kyau, amma ba ya yafe kauri, ba ya yafe gaggawa. Yawancin aikin da ake dawowa da shi ana cewa folish ne jabu, in ka duba da kyau, an labta shi ne da yawa a hannu ɗaya, wato shafi ɗaya na feshi, ko an naɗe kayan da leda tun bai nuna ba.

Bambancinsu daga yadda suke bushewa yake. A NC, tina (ruwan da ake tsinka folish da shi) ce kawai ke fita ta bar shi a jikin katako, shi ya sa duk ranar da tina ko turaren fesawa ya zuba a kai sai ya sake narkewa. Duk wanda ya ga saman madubin amarya bayan wata shida ya san zoben da gindin kwalbar turare ke bari. PU kuwa, bayan tina ta fita, folish ɗin da hadina ne ke ci gaba da haɗuwa har su zama fata ɗaya da ba ta narkewa. Wannan haɗuwar ce ke ɗaukar kwanaki, kuma ido ba ya ganinta.

Irin da na yi amfani da shi haɗin biyu da ɗaya ne: lita 1 ta folish, mililita 500 na hadina, sai tina tasa ta PU tsakanin mililita 150 zuwa 300. A duba jikin gwangwani, don akwai masu wani lissafin daban. A auna da kofi mai lamba, a bar kintace da ido. Hadina in ta yi kaɗan, folish zai zauna da laushi har abada, farce na shiga. In ta yi yawa, zai yi ƙarfi kamar gilashi ya tsage. Kada kuma a zuba masa tinar NC da ake sayarwa a jarka, domin sau da yawa akwai barasar masana'anta ko ɗan ruwa a ciki, kuma duka biyun suna cinye hadina kafin ta yi aikinta.

Maganar kauri ita ce zuciyar aikin. Kowane hannu ya sauka a jiƙe tsakanin maikiron 100 zuwa 125, wato kusan giram 120 a kan kowace murabba'in mita. Don a gane, takardar A4 ta ofis kaurinta kusan maikiron 100 ne. Bayan tina ta fita, abin da ke saura kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Sila (shafin farko da ke toshe ramukan katako) hannu biyu da folish hannu biyu, in an cire abin da samfefa ta ci, za su bar fata mai kaurin takarda ɗaya ko sama da haka kaɗan. Ya wadatar. Akwai ɗan ma'aunin ƙarfe mai haƙora kamar mataji da ake dangwalawa a jiƙaƙƙen feshi, haƙorin ƙarshe da ya jiƙe shi ne kaurin. Ba tsada gare shi ba, kuma ina ganin bai kamata shagon feshi ya rasa shi ba. Wanda bai da shi ya yi lissafi: fuskar ƙofa mai santimita 90 da 210 tana bukatar kusan giram 225 a jikinta, sai a haɗa mililita 350 zuwa 400 saboda wanda iska ke ɗauka. In ka ga rabin lita ta ƙare a fuska ɗaya, ka yi nauyin hannu.

Abin da kauri ke jawowa kuwa, a tsaye zai zubo ya yi hawaye a gefen ƙofa. A kwance ya fi muni, don ba a gani nan take. Sama na rufewa cikin mintuna, tinar da ke ƙasa ta rasa hanya, sai ta huda ta fito ta bar ƙananan ramuka kamar an tsira allura. Wadda ba ta fito ba ta zauna ciki, saman ya yi kamar ya bushe, ƙasan kuma danƙo. Bayan makonni sai ƙyallin ya dushe, layin katako ya sake bayyana. A kusurwoyi da sassaƙar kan gado, inda folish ke taruwa, nan tsagewa ke farawa.

Saitin da ya fi ba ni sakamako: bakin bindiga mai milimita 1.8 don sila, 1.4 don folish na sama, matsin iska bar 2 zuwa 2.5 a gindin bindigar HVLP (mai fitar da iska da yawa da ƙaramin matsi), tazarar santimita 15 zuwa 20, kowane layi ya hau rabin na baya. Hannu ya tafi a miƙe, kada a riƙa karkata wuyan hannu a ƙarshen layi. A zubar da ruwan tankin kwamfuresa kowace safiya, a sa matatar ruwa kusa da bindiga.

Lokaci kuma, ga yadda na same shi. Ƙura na daina kamawa bayan minti 20 zuwa 30. Sila na karɓar samfefa mai lamba 320 bayan awa 3 zuwa 4, kuma samfefar ce alƙali: in farin gari ya fito kamar fulawa, ta yi, in ta dunƙule tana toshe takarda, a ajiye a jira. Hannun ƙarshe ya kwana kafin a taɓa shi. Kwana 3 kafin a jingina wani a kan wani ko a naɗe. Kwana 7 kafin a ɗora talabijin, kula mai zafi ko kwalabe. Ana gwadawa a ɓoyayyen wuri da farcen babban yatsa, ana kuma sansanawa: muddin hanci na jin tina a jikin katakon, aiki bai ƙare ba. Na san lokacin bukukuwa uwar amarya na tsaye a ƙofar shago, mota na jira, amma gadon da aka fesa jiya aka naɗe da leda yau aka ɗaure da igiya a bayan mota cikin rana, zai isa Yelwa ko Fadaman Mada da tambarin leda da na igiya, kuma ba ya gogewa. Gara a gaya wa Hajiya gaskiya tun ranar da ta ba da aiki.

Yanayin Bauchi na canza lissafin nan. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusan digiri 40, haɗin da gwangwani ya ce zai yi awa 3 ko 4 a kofi yana fara kauri tun kafin awa biyu, don lissafin kamfani na digiri 20 ne. A haɗa kaɗan-kaɗan, a yi feshi da sassafe, a sa tina mai jinkirin bushewa, in ba haka ba feshin zai bushe a iska ya sauka kamar yashi, ko ya yi kurzunu irin na ɓawon lemo. Kada a shanya sabon feshi a rana don ya yi sauri. A Agusta laima ce matsala: NC na yin fari kamar hazo, PU kuma ƙyallinsa na raguwa ko ya yi kumfa, hadina da aka bari a buɗe ta daskare a gwangwani. A hunturu ƙura ce, sai a yayyafa ruwa a ƙasa a rufe labule, sannan sanyin safiyar Disamba da Janairu na ja da nunar baya, a ƙara masa kwana ɗaya ko biyu.

Katakon ma da nasa. Wanda aka sauko da shi daga kudu aka saya a kasuwar Muda Lawal yakan zo da ruwa, in aka rufe shi da PU haka, hunturu na zuwa zai tsuke ya tsaga folish a mahaɗa. Iroko na da mai, a goge shi da tina kafin sila. Bakin MDF na shan sila kamar soso, a ba shi hannu uku shi kaɗai.

Inda bai burge ni ba shi ne gyara. NC in ya ƙarce, feshi kaɗan na narkar da wurin ya haɗe. PU sai an goge fuskar gaba ɗaya an sake, kuma in ya wuce kwana ɗaya, sabon hannu ba ya kamawa sai an bi shi da samfefa 320 ko 400. Ba a ɗora shi a kan tsohon NC, yamutsewa yake. Irin na yau da kullum yana komawa rawaya a kan farin fenti, don haka farin gado sai a nemi wanda aka rubuta ba ya sauya launi. Bindigar da aka bari awa uku ba wanki ta tashi aiki. Hadinarsa kuma tana ɗauke da sinadarin da ke jawo asma, takunkumin ƙyalle ba ya tare ta. Maigidan shago ya saya wa yaransa takunkumi mai gwangwanin gawayi biyu, ya riƙa canza gwangwanin, a kuma yi feshi inda iska ke ratsawa, nesa da mai walda da mai shayi, don tina wuta ce.