Katin Kiɗan Rimski-Korsakof Daga Wani Shagon Tura Waƙoƙi a Garwa

A layin masu sayar da waya na babbar kasuwar Garwa akwai wani ɗan shago inda ake tura wa mutane waƙoƙi a kati, kuma a can na biya jaka biyu, wato sefa 2,000, domin a zuba mini kiɗan Nikolai Rimski-Korsakof, fitaccen mai tsara kiɗa na ƙasar Rasha. Da na miƙa wa yaron shagon takardar da na rubuta sunan, sai ya ƙura mata ido ya ce, "Baba, wannan mawaƙi ne ko ɗan ƙwallo?" Duk da haka bai yi mini gardama ba, ya nemi kwana biyu, kuma ya cika alkawari.

Abin da ya kai ni shi ne "Shaharzad", kiɗan da mutumin ya tsara a 1888 bisa labaran Dare Dubu da Ɗaya, wanda na fara ji ina yaro a faifan garmaho na marigayi yayana da ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet. Kiɗa ne zalla babu waƙa, kashi huɗu, kusan minti 45. Yana buɗewa da amo mai kauri na manyan ƙahonin tagulla, irin wanda ke tuna wa mutum kakakin fadar Lamiɗo ranar sallah, kuma wannan shi ne Sarki Shahriyar mai kashe amarensa. Sai komai ya lafa, goge guda ɗaya ya taso da siririyar murya, yana hawa yana sauka kamar mai lallashi, wato Shaharzad, amaryar sarkin, ta fara ba da labari. Wannan goge yana dawowa a kowane kashi, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa ana tatsuniya zai gane aikinsa ba sai an yi masa bayani ba.

Kashi na farko, na teku da jirgin Sindibad, shi ne ya fi burge ni, kuma ba banza ba. An haifi Rimski-Korsakof a garin Tikhvin a 1844, ya zama hafsan sojan ruwa, ya yi kusan shekara uku a cikin jirgi daga 1862 zuwa 1865, saboda haka igiyar ruwan da gogunansa ke kwaikwaya ta wanda ya kwana a kanta ce. Ni da ban san ruwan da ya wuce Binuwai ba, sai da na ji kujerata tana lilo. Rimski-Korsakof yana cikin mutum biyar, tare da Balakirev, Kui, Musorgski da Borodin, waɗanda suka ƙuduri aniyar gina kiɗan Rasha daga waƙoƙin gargajiya da tatsuniyoyinta. A 1871 aka naɗa shi malami a makarantar kiɗa ta San Fitasbag alhali bai ƙware a ƙa'idojin fannin ba, sai ya duƙufa yana karatu a gida domin kada ɗalibai su riga shi. Daga baya fitattun masu tsara kiɗa Glazunov da Igor Stravinski suka koya a hannunsa, kuma salonsa na raba wa kowane kayan kiɗa muryar da ta dace da shi ya fito ƙarara a ayyukan Stravinski na farko. Ya rasu a 1908.

Sai dai aikin shagon yana da gyara, kuma ba ƙarami ba. Yaron ya saba da waƙoƙin minti biyar waɗanda kowace ke cin gashin kanta, don haka ya zuba kashi huɗun nan a hargitse, na ƙarshe ya zo farko, har jirgin ya farfashe a jikin dutse tun kafin ya bar gaɓa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne an datse wutsiyar kashi na huɗu. A nan ne, bayan bikin Bagadaza da guguwar teku, amon sarkin yake dawowa a sanyaye, gogen kuma ya haye can sama ya tsaya a kan murya ɗaya doguwa. Yaron ya ce ya ɗauka kiɗan ya ƙare ne, domin a ƙaramar lasifikarsa da hayaniyar kasuwa ba a jin komai a wurin.

Na koma, ya ba ni haƙuri, ya sake turawa a jere da lambobi 1 zuwa 4 ba tare da ya karɓi ko dala ba, har ya ƙara mini wani ɗan gajeren kiɗan Rimski-Korsakof mai kwaikwayon shawagin ƙudan zuma, wanda jikokina suka mayar abin tsere a tsakar gida. Wanda zai je wurinsa ya rubuta masa jerin kashi-kashin, ya saurari ƙarshen kowanne kafin ya tashi, sannan ya tanadi abin sauraro na kunne, domin lasifikar waya tana haɗiye gogen gaba ɗaya. Ni na fi saurarensa bayan sallar isha'i, lokacin da ƙarar babura ta ragu a unguwa.