Fitilar ABS: mai rewayan ya san aiki, amma ya ɓata mini rai

Corolla nake hawa, ƙirar 2006, 'yar Kwatano, kuma da ban faɗa hannun wani matashin mai rewaya a nan Kano ba, da yanzu na zubar da kuɗin famfon ABS (tsarin da ke hana taya ƙamewa in an danne birki) a banza. Zan faɗi alherinsa, zan kuma faɗi inda ya ƙona mini rai, don duka biyun sun faru.

Matsalar ta taso ne bayan an canza mini kan shaft na gaba, ɓangaren direba, wanda yake ƙwas-ƙwas in na sha kwana. Ƙarar ta tafi, wani abu ya maye gurbinta. In ina lallaɓawa cikin cunkoso na taka birki, sai in ji yana harbin ƙafata, ga wani gurnani daga gaba, motar kuma ta ɗan zarce kafin ta tsaya. Ba fa a guje ba, irin tafiyar da ɗan adaidaita sahu ma zai wuce ni. Can sai fitilar ABS ɗin nan mai ruwan ɗorawa ta kama. Tana kamawa harbin ya daina. In na kashe motar na sake tayarwa ta mutu, ina hawa titi ta dawo.

Bakanikena ko taya bai cire ba ya ce famfo ne, a nemo na Beljiyam. Wani da ke gefensa ya ce, "Alhaji, wannan abin na Turai ne, hanyarmu ba ta son shi. Bari in cire maka ƙwan fitilar ka huta." Har yau in na tuna maganar nan raina sai ya sosu. A motar nan nake ɗaukar iyalina zuwa Zariya, rani da damina. Aikin ABS shi ne ya hana taya ƙamewa in ka danne birki da ƙarfi, don sitiyari ya ci gaba da jin maganarka ka kauce wa abin da ke gabanka. Gaskiya ne a kan yashi ko tsakuwa motar tana iya ƙara ɗan nisa kafin ta tsaya, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta fa? Cire ƙwai bai gyara komai ba, ya dai rufe bakin mai gaya maka akwai matsala. Masu shirin sayen mota, ku lura: in kun murɗa makulli, dole fitilar ABS ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In sam ba ta kama ba, mai yiwuwa an taɓa wajen.

Wani abokin aikina ya jona mini ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, ta ce lafiya ƙalau. Dalili kuwa, manhajar da ke wayarsa inji kawai take karantawa, ba ta shiga kwamfutar birki. Shi ne ya yi mini kwatancen mai rewayan.

To, a nan na ga aiki. Ya jona tasa kwamfutar a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari mai rami 16, ta fito da C0205, wato layin sensar da ke auna gudun tayar gaba ta hagu. Na ɗauka zai ce a je a sayo sensa, sai ya ce, "Alhaji, layin ta nuna mana, ba ta ce sensar ce ta mutu ba. Zai iya zama waya, zai iya zama haƙoran shaft, zai iya zama datti. Mu ɗan zaga." Ya zauna a gefena da kwamfutar a cinyarsa, lambobi huɗu a jere, kowace taya da gudunta. Muna miƙe duka huɗun suna tafiya tare. Ina karya kwana, uku na nan a 20, ta hagun gaba ta faɗo sifili, ta dawo, ta sake faɗowa. Da idona na gani.

Ya yi mini bayani ba tare da nuna isa ba. A jikin kan shaft akwai zobe mai haƙora, sensar kuma maganaɗisu ce da waya a naɗe, tana zaune daf da haƙoran. Duk haƙorin da ya wuce sai ta aika saƙo, kwamfutar birki tana ƙirgawa. In saƙon taya ɗaya ya yanke alhali sauran na juyawa, sai ta ɗauka tayar ta ƙame, ta dinga sakin birkin wannan tayar tana kamawa. Harbin da nake ji ke nan. In yankewar ta yi yawa sai ta gane saƙon ba abin yarda ba ne, ta kashe kanta ta kunna fitila, a bar ka da birki na yau da kullum. Ashe famfon da aka so in jefar aikinsa yake yi daidai.

Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya sa alli a haƙori ɗaya ya juya yana ƙirgawa: 48, daidai da na ɗaya ɓangaren. Ya ce dole ya duba, don akwai kan shaft da ake sayarwa mai adadin haƙora daban, akwai ma wanda babu zoben gaba ɗaya. Sannan ya bi wayar da yatsa. Wanda ya canza shaft ɗin bai mayar da ita cikin maƙalinta ba, ya bar ta tana reto tana gogar taya har robar ta cinye. Ya ɗora mita, yana motsa wayar lambar tana ɓacewa tana dawowa, alhali a ɓangaren dama ta tsaya cak. Da ya zaro sensar, bakinta ya tara garin ƙarfe kamar gemu. Tsakani da Allah, a ranar da an ce in ƙara masa kuɗi da na ƙara.

Sai aka zo sayen kaya, a nan labari ya sha bamban. Na ce ina son ta asali, ko tsohuwa ce. Ya tura yaronsa kasuwa, yaron ya dawo da sabuwa dal a kwali, mara nauyi, wayarta siririya. Na nuna shakka, ya ce, "Haba Alhaji, irinta muke sa wa kowa." Maƙalanta ba su zauna a inda na motar suke ba, sai ya ɗaure da igiyar roba. Ramin da sensar ke zama duk tsatsa ne, bai kankare ba, ya tura ta a haka ya ɗaure. Mutumin da ya ƙirga haƙora ɗaya bayan ɗaya, yaya zai yi wannan gyaran gangar Auzinawa? Ya goge lambar, fitila ta mutu, na biya na tafi.

Ba a jima ba harbin ya dawo, a bakin danja, da yara a baya. Na koma, ya shanya ni a rana yana aikin wasu, da ya zo kaina kuma ya ce kuɗin kwamfuta daban ne. A kan aikin da shi ya yi! Na ce, "Malam, wannan ba daidai ba ne, kai ma ka sani." Sai da maigidan garejin ya sa baki ya haƙura. Kwamfutar ta nuna ƙarara: irin wannan sensar dama saƙonta yana raguwa in taya tana juyawa a hankali, to ga ta mara ƙarfi, ga tsatsa ta ɗaga ta nesa da haƙora, shi ya sa da na rage gudu sai ta makance. Bai ce ya yi kuskure ba, cewa ya yi kayan yanzu sai a hankali.

Da ƙafata na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da tsohuwar sensar a hannu, na gwada soket da soket, maƙali da maƙali, don ta hagu da ta dama ba ɗaya ba ne, na samo ta Beljiyam ta asali. Wannan karon ya kankare ramin tas, ya ɗaure ƙusar da sifana lamba 10, ya bi wayar ya sa ta a kowane maƙali, ya murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu don ya tabbatar ba ta taɓa komai. Muka sami titi mara mutane na danne birki iya ƙarfina: ya harbi ƙafata a inda ya kamata, motar ta tsaya a miƙe. Tun daga nan lambobin huɗu ba su sake rabuwa ba, fitilar tana kamawa da safe ta mutu yadda aka yi ta.

Wajen gano cuta ban ga na biyunsa ba a garejin da na sani, kuma zan sake kai masa mota. Amma ba zan ƙara bari yaronsa ya sayo mini ko fiyus ba, kuma tun farko zan ce kuɗin kwamfuta ya haɗa da dubawa ta biyu. Kuɗin waccan sensar ta kwali har yau ban ga ko kwabo ba. Shi ya ce in je wajen mai shago, mai shago ya ce ba a mayar da kayan wuta.