Busasshiyar aya ko dafaffen karas, wanne za a riƙa ba yaro ɗan shekara uku?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki sayi karas. Aya ta biyo baya idan canji ya ragu.

Dafaffen karas giram 100, wato kamar matsakaita biyu, kuzarinsa kalori 35 ne kacal domin kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne. Ba zai sa yaro ƙiba ba, kuma ba aikinsa ba ke nan. Amma a cikin wannan ɗan abin akwai bitamin A wajen maikrogiram 850, alhali yaro mai shekara 1 zuwa 3 buƙatarsa a rana 300 ce. Kin ga ko guda ɗaya ya ci ya wadatar. Bitamin ɗin nan shi ke tsare ido daga dundumi, yana kuma taimaka wa jiki wajen yaƙi da ƙyanda da gudawa, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 shi a baki duk bayan wata shida.

Inda mata da yawa ke yin asara shi ne wajen dahuwa. Ɗanyen karas da yara ke gaguya a hanyar makaranta kaɗan jiki ke tsotsa daga cikinsa, sai wuta ta tausasa shi amfanin ke fitowa sosai. Ki kankare bayan sama-sama, ki yanka manya-manya, ki zuba ruwa daidai wanda zai rufe shi, minti 10 zuwa 15 har cokali ya shige ba gardama. Kada ki zubar da ruwan, ki juye a miya ko faten wake. Sannan dole a sa mai, ko ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, don sinadarin a cikin mai yake narkewa. In kika ga tafin hannun yaro ya ɗan yi ruwan ɗorawa amma idonsa fari tas, ba ciwon shawara ba ne, ki rage masa kawai.

Aya kuwa ba a raina ta wajen kuzari: busasshiya tana kai kalori 400 a giram 100, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata mai ne. Bitamin A dai babu wani abin kirki. Ga tauri, ɗan shekara uku zai iya shaƙewa da ƙwayarta, sai dai a jiƙa ta kwana a yi kunu, shi ma ba ya wuni a zafin Bauchi in babu firji.

Ki kula da masu sayarwa. Wasu tsohuwar aya suke jiƙawa ta kumbura su ce sabuwa ce, ta cika mudu da wuri, bayan kwana biyu ta yi fumfuna. Ki sansana, in da tsami ki bar ta. Karas mai sheƙi da yawa a kan baro shi ma ki yi hattara, akwai masu wanke shi da garin sabulu ko ruwan da bai da tsabta. Gara ki shiga kasuwar Muda Lawal da safe ki ɗauki mai ƙasa-ƙasa a jiki, mai tauri, wanda in an karya yake yin ƙas. Da hunturu ya fi araha.