Hattara da masu sayar da kaso a "na'urar tsamo zinariya daga ƙasan teku"

Jama'ar Damagaram, musamman 'yan kasuwar Dole da iyayenmu mata masu adashe, a yi hattara. Wasu mutane na yawo da saƙo a WhatsApp cewa kamfaninsu ya sayo na'ura mai nutso, irin wadda ake sarrafawa daga nesa. Wai tana can wajen Kwatano tana duba ƙarshen bututun man da ya taso daga Agadem, a gefe kuma tana tsamo zinariya daga jiragen da suka nutse tun zamanin Turawa. Kaso ɗaya jika 50, bayan wata guda ka karɓi jika 100. In ka kawo mutum biyu, a ƙara maka lada.

Na kalli bidiyon a wayar wani tela maƙwabcina: hannun ƙarfe a cikin duhu yana ɗago tsabar zinariya daga laka, ƙananan kifaye na gilmawa ta gaban fitila. Abin burgewa ne, ba musu, amma irinsa cike yake a intanet, kowa na iya saukewa ya liƙa tambarinsa.

Na'urar kam akwai ta. Da irinta aka ɗauko baƙin akwati, wato na'urar naɗar bayanai, na jirgin saman Air France da ya faɗa tekun Atalantika a 2009, sai 2011 aka kai gare shi, a zurfin kusan mita 4,000. To amma ku dubi yadda take aiki. Duk mita 10 da ka nutsa, ruwa na ƙara danna ka da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, saboda haka wadda ke zuwa can ƙasa nauyinta kan kai tan-tan, kuɗinta miliyoyin dalar Amurka. Sai da babban jirgin ruwa, da injin sauke ta, da ma'aikata dare da rana, da doguwar waya mai kai mata wuta ta dawo da hoto, domin sigina ta rediyo ba ta ratsa ruwan gishiri mai zurfi. Shi kuwa wakilin nasu ya ce da telan, in ya sayi kaso 5 za a ba shi lamba ya riƙa tuƙa ta da wayarsa daga Zango. Haba malam! Mai irin wannan jari me zai yi da jika 50 ɗin mai ɗinki?

Ko a inda aka samu zinariyar da gaske ma, masu zuba kuɗi ba su ji da daɗi ba. A 1988 wani Ba'amurke, Tommy Thompson, ya gano jirgin ruwa mai suna Central America da ya nutse a 1857 maƙare da zinariya, ya kuma tsamo ta da na'ura mai nutso. Mutum 161 da suka tara masa dalar Amurka miliyan 12.7 sai kotu suka yi ta zarya, shi ya gudu, aka kama shi a 2015, ya shafe shekaru a kurkuku. Wannan fa mai jirgi ne da na'ura ta gaske. Naku ko ofis ba su da shi.

Za ku ji wani ya rantse an biya shi. Ƙwarai an biya shi, da kuɗin wanda ya shigo bayansa. Ranar da sababbin shiga suka ƙare, lambar wayarsu ta mutu.

Kafin ku ba da ko dala, ku nemi takardar rajistar kamfanin, sunan jirgin da tashar da yake, sannan ku lura ko da sunan mutum ake cewa a tura kuɗin. Wanda ya riga ya tura, kada ya ƙara ko da an ce "kuɗin fitar da riba" ne. Ya adana rasiɗin da saƙonnin, ya kai wa 'yan sanda ko jandarma, ya kuma sanar da waɗanda shi ya jawo tun ba su biya zubi na biyu ba.